Kumatu Ya Ƙi Kofi

Shafi na 14

Masu turo min "ina ci gaban labari? ina ci gaban labari?" tun gari bai gama wayewa ba, na gan ku ɗaya bayan ɗaya. Ni ma mutum ce, ina da bayan da ke ciwo, ga wanki ya taru yana kallona. Ke kuma da kika rubuto cewa da ma a ce duk maza irin Baban Kumatu ne, gyara zama ki karanta. In kin gama sai mu ji ko kina nan a kan bakanki.

*

"Buɗe bakin mana, ɗan albarka. Ce aaa."

Ina! Kumatu ya damƙe leɓɓansa gam, ya cusa fuska a ƙirjin uwarsa. Shekararsa biyu da 'yan watanni, amma in ya ce a'a, ko tsohon soja sai ya saurara masa. Manyan kumatun nan da suka jawo masa sunan sun ƙara cika da fushi.

Maman Kumatu tana kishingiɗe a kujerar likitar haƙori, shi kuma a kan cikinta. Daga shagon wanki da guga ta taho kai tsaye, ko rigar aiki ba ta samu ta cire ba. Tun safe take tsaye a kan dutsen guga, ƙafafunta sun kumbura har takalmi ya yi musu shaida. Wannan kujerar ce zamanta na farko yau, kuma Allah ya sani, da za a rage hasken fitilar nan da ta yi barci.

"Riƙe min hannuwansa," likitar ta ce. Dattijuwa ce mai tabarau, ba ta da yawan dariya.

Aka riƙe. Kumatu ya tsala ihu, likita ta samu abin da take so, ta zura ɗan madubinta.

Ta duba. Ta sake dubawa. Ta jawo fitilar kusa.

Maman Kumatu ta kafe fuskar likitar da ido.

A zuwansu na baya likitar nan ta yi mata bayani ba ƙumbiya-ƙumbiya. Haƙoran yaron biyu na gaba, na sama, madarar fida da zaƙi ne suke cin su, domin kwana yake yana wuni da robar a baki. In an raba shi da fida ya koma kofi, za a iya cike su a cece su. In ba a raba ba, sai an sa shi barci an cire. Tun da ta ji kalmar barcin nan, ko gida ba ta zauna ba sai da ta kwashe fidojin gidan kaf ta zuba a shara.

"Ya daina fidar?" likita ta tambaya, idonta na cikin bakin yaron.

"Ya daina, Likita."

"Gaba ɗaya?"

"Gaba ɗaya. Ranar da kika faɗa, ranar na zubar."

Likitar ta zare madubin ta ajiye a faranti. Ta cire tabarau ta murza ido.

"To abin ƙaruwa ya yi."

"Ƙaruwa kuma?"

"Na hagun ya ci gaba sosai. Na daman ma ya bi sahu."

"Haba Likita, duba dai da kyau. Wallahi ina goge masa safe da yamma, sai mun yi kokawa nake gogewa."

"Na ga alamar gogewa, ban ce ba kya yi ba. Me yake sha yanzu?"

"Madara. A kofi."

"Ke kike ba shi?"

Maman Kumatu ta kau da ido. Nan ne ciwon yake, kuma ba ta so a taɓa shi a gaban baƙuwa.

"Ni ba ya karɓa a hannuna," ta ce a hankali. "Babu irin kofin da ban sayo ba. Mai hannu biyu, mai murfi, mai hoton agwagwa. Duk jifa yake yi da su. Babansa ne kawai ya iya da shi."

"Yaya yake yi masa?"

"In ya taso daga aiki da yamma sai in zuba madarar a kofi in ba shi, ya ɗauki yaron su shiga mota su zaga unguwa. Su dawo ya shanye tas."

"Kin taɓa gani yana sha?"

"Kofin yana dawowa babu komai a ciki."

"Ba kofi na tambaye ki ba, 'yata. Da idonki kin taɓa ganin bakin yaron nan a kan kofi yana haɗiya?"

Ta girgiza kai.

Likitar ta miƙe ta tsiyayo ruwa a ɗan ƙaramin kofi, ta dawo. Kumatu ya sha kuka, ƙishi ya kama shi, don haka bai yi gardama sosai ba. Ya kai baki. Sai ya turo harshe waje ya naɗe gefen kofin da shi, ya fara tsotsa. Ruwan ya bi gefen baki ya gangaro ta haɓa, ya jiƙa masa riga har ciki. Ya ƙware, ya yi tari, ya ture kofin ya fashe da sabon kuka.

"Kin gani?" likitar ta ce. "Wannan bakin bai san kofi ba. Ko sau ɗaya bai taɓa shan abu a kofi ya ƙoshi ba."

"Amma babansa..."

"Ni ba na shiga tsakanin mutum da gidansa. Abin da baki ya nuna min shi nake faɗa. Akwai mai ba yaron nan fida, kuma ba madara zalla ba, da zaƙi a ciki."

Maman Kumatu ta ƙara rungume yaron.

"Yanzu cirewa za a yi?"

"In aka daina yau, yau ɗin nan nake nufi, zan gwada cikewa a zuwa na gaba. In kuka dawo min na ga ya ƙara ko kaɗan ne, to babu sauran magana. Je ki nemo fidar nan duk inda take."

*

Motar na nan inda suka bar ta, a inuwar katangar asibitin. Ƙaramar motar haya ce, ita Baban Kumatu yake ja tun da ya bar tuƙin babbar mota. Ya kwantar da kujera yana jin rediyo. Ɗazu ta ce ya zo su shiga tare, ya ce shi ƙarar injin haƙori tana tayar masa da tsigar jiki.

Yana hango su ya tashi zaune da fara'arsa, ya miƙa hannu ya buɗe mata gaba.

"Ga jarumi, ga jarumi! Yaya, an yaba mana?"

Ta zauna, ta gyara wa Kumatu kwanciya a kafaɗa. Kukan ya gajiyar da shi, tun kafin su fita ƙofar asibiti barci ya kwashe shi.

"Maman Kumatu, magana nake yi."

"Ja mota mu tafi."

Ya ja. Ya rage rediyon. Yana tuƙi yana satar kallonta.

"Me ta ce?"

"Ta ce ya ƙaru."

"Ƙaru? Kai, likitocin nan su ma. Kin san dole su samo abin faɗa."

"Haka ne."

Rigar yaron da ta jiƙe tana manne da wuyanta, sanyi na ratsa ta. Ta miƙa hannu za ta buɗe durowar gaban mota ta ɗauko tsumma.

Kafin ta taɓa, hannunsa ya riga nata. Ya dafe murfin da tafinsa, ɗaya hannun a kan sitiyari.

"Kar ki ja, ta lalace."

Ta juyo ta dube shi.

"Yaushe ta lalace?"

"Kwanan nan. Makullin ne. In kika buɗe ba za ta rufu ba."

"Baban Kumatu."

"Na'am."

"Ɗauke hannunka."

"Tsumma kike so? Akwai a baya, bari in tsaya in..."

"Na ce ɗauke hannunka."

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta da ƙarfin ɗagawa. Wataƙila shi ya sa ya ɗauke.

Durowar ta buɗe lafiya lau, ko ƙara ba ta yi ba. Takardun mota a sama, sai tsumma. Ta ɗaga tsumman.

Ga ta nan kwance. Shuɗiyar fida, wankakkiya fes, ba ta cikin waɗanda ta zubar. Kusa da ita ɗan burushin wanke ta, da wani ɗan gwangwani mai murfi. Ta buɗe gwangwanin. Sukari ne, har da ƙaramin cokali a tsaye a ciki.

Kai jama'a! Har da burushi. Mutumin da bai taɓa ɗauraye kofin da ya sha shayi da shi ba.

Ya gangara gefen titi, ya tsaya ƙarƙashin wata bishiya a gaban wani shago da ke rufe, ya kashe mota.

"Bari in yi miki bayani."

"Yi."

Ya shafa gemu, ya dubi titi, ya dubi sitiyari.

"Ina jinka," ta ce.

"Ba yadda kike tsammani ba ne."

"Yaya nake tsammani? Ni dai na ga fida, na ga sukari, na ga cokali. In akwai wani abin da ban gani ba, nuna min."

"Maman Kumatu..."

"Madarar da nake zuba maka a kofi, a nan kake juye ta?"

Ya gyaɗa kai.

"Ka dawo min da kofi fanko."

Ya sake gyaɗawa.

"Tun yaushe?"

"Tun... tun farko."

Ta yi wata 'yar dariya wadda gara kuka da ita. Ta jingina kai da kujera ta rufe ido. Ta ɗauka in ta kama mai laifin za ta yi masifa har a taru, sai ga shi gajiya ce kawai ta ƙara danne ta.

"Ka san me na yi shekaranjiya da ba ka nan?" ta ce, idonta a rufe. "Na ɗauki yaron nan na zauna da shi a kan matakala. Na riƙe murfin tukunya ina juyawa, ina yi masa ƙarar mota da baki. Ni, babba da ni. Maƙwabciya ta fito ta gan ni ta koma da sauri. Na ce ko motar ce sirrin. Ya kwaɗa min kofin a hanci."

"Ki yi haƙuri."

"Ban gama ba. Ranar nan a shago barci ya ɗauke ni a tsaye, dutsen guga a hannuna. Na ƙone rigar mutane. Mai shago ya wanke ni tas a gaban kowa, ban ce uffan ba, na shige banɗaki na yi kuka na wanke fuska na fito na ci gaba da guga. Ka san ba rigar nake wa kuka ba?"

Ya shafa fuska da tafin hannu.

"Cewa nake yi, wace irin uwa ce ni? Na haife shi, na shayar da shi, na goya shi har bayana ya ƙage, amma kofi ɗaya ya ƙi karɓa a hannuna. A hannun ubansa da ya zo jiya jiya kuwa yana karɓa. Na zo na tambaye ka, na ce don Allah koya min yadda kake yi. Ka tuna abin da ka ce min?"

"Ki bar wannan maganar."

"Ka tuna?"

"Na tuna."

"Faɗa min."

Ya sunkuyar da kai. "Na ce haƙuri ne kawai."

"Sai me?"

"Na ce ke kin cika gaggawa."

"Na cika gaggawa." Ta buɗe ido. "Ka dube ni ido cikin ido, fidarka na kwance a mota, ka ce na cika gaggawa. Na karɓa kuwa. Na yi ta tuhumar kaina."

"Wallahi ban yi don in ci miki fuska ba."

"To don me?"

Ya murza sitiyari da babban yatsa.

"Kin ce na zo jiya jiya. Gaskiya ne. Aka haife shi ina hanya. Ya yi zama ina hanya, ya yi rarrafe ina hanya, ya taka a waya kika nuna min. In na dawo gida da tsarabata, yana ganina ya ruga bayan ƙofa yana ihu sai ka ce ɓarawo ya shigo. Kina dariya kina cewa zai saba."

"Ai yara haka suke."

"Na bar babbar mota saboda shi. Na dawo gida, kullum ina kwana ina tashi a gabansa. Bai saba ba. In na miƙa hannu ya maƙale kafaɗa. In na ɗauke shi ya sandare yana neman ki. A gidana, ɗana na cikina, ni baƙo ne."

Ta shafa bayan Kumatu.

"Ranar da kika zubar da fidojin, kin tuna kukan da ya yi? Na ga kin kusa faɗuwa. Na ce kawo shi, kawo kofin, je ki kwanta. Allah shi ne shaidata, kofin na yi niyyar ba shi. Na gwada. Ya yi kuka har murya ta daina fita, ya yi amai a kujerar nan da kike zaune. Ban san sanda na tsaya a kantin magani ba. Na ce na yau kaɗai."

"Na yau kaɗai."

"Na juye masa, na miƙa. Maman Kumatu, yaron nan da kansa ya rarrafo ya hau cinyata. Ya kwanta a ƙirjina. Yana sha yana wasa da gemuna. Da ya gama ya ɗago ya dube ni ya ce Baba."

Ya juyo ya dube ta.

"Kin san bai taɓa kirana ba sai ranar?"

Ta sani mana. Ita ce ma ta yi ta murna da suka dawo yana ta Baba, Baba, har ta kira yayarta a waya ta ba ta labari. Tausayinsa ya taso mata, ta ji haushin kanta da ya taso.

"Sukarin fa?"

"Wata rana ya sha rabi ya ture. Na ji tsoro kada ya daina zuwa wurina. Na ɗan sa kaɗan."

"Kaɗan."

"Cokali ɗaya. Wani lokaci biyu. In da sukari har dariya yake yi."

"Ka ji abin da likita ta ce a kan zaƙi. Na dawo na faɗa maka da bakina."

"Na ji. Na ce ai haƙoran yarinta ne, za su zube wasu su fito."

"Barci za a sa shi, Baban Kumatu. A ɗaura masa abu a hanci, a fito da ni waje in tsaya a bakin ƙofa. Ɗan wannan yaron. Tun da aka faɗa min ban ƙara barci mai daɗi ba. Kai kana can kana auna cokali."

"Na yi niyyar dainawa."

"Yaushe?"

"Kullum. Kullum sai in ce gobe."

"To ka kyauta. Ka bar min kukan, kai ka kwashi dariyar. Ni ce mai kofi, ni ce mai burushin haƙori, ni ce mai danne shi a kujerar likita. Yanzu in na nufo shi da abu a hannu sai ya kare fuska. Kai kuma Baba."

"Ki yafe min."

"Ba ni da ƙarfin yafewa yau. Ba ni ma da ƙarfin fushi. Barci nake ji."

Kumatu ya motsa. Ya murza ido da bayan hannu, ya juyo da kai. Idonsa ya sauka a kan shuɗiyar fidar da ke cinyar uwarsa.

Fuskarsa ta washe gaba ɗaya, har haƙoran nan biyu masu baƙin tabo suka bayyana.

"Fifi!"

Ya miƙa hannu biyu. Ta ɗaga fidar sama.

"Fifi! Baba, fifi!"

"A'a," ta ce.

Leɓensa na ƙasa ya fara rawa. Ya dubi ubansa, ya dubi fidar, ya sake duban ubansa, yana jiran a bi masa haƙƙinsa.

"Don Allah," Baban Kumatu ya ce a hankali. "Ko na ƙarshe ne. Babu sukari. Ya sha mu yi sallama da ita."

"Likita ta ce yau."

"Ai yau ɗin ba ta ƙare ba."

Ta dube shi har sai da ya kau da kai.

Ta buɗe jakarta da hannu ɗaya. Ta ciro filas ɗin madara, ta ciro kofin, wannan mai taurin mai hannu biyu da ya sha jifa har fentinsa ya goge. Ta tsiyaya rabi. Kumatu na ganin kofin ya fara harbe-harbe.

"Ungo."

"Me zan yi da shi?"

"Abin da ka ce kana yi. Haƙuri ne kawai, ba ka da gaggawa."

"Maman Kumatu, zai tsane ni."

"Zai tsane ka. Ni ma ya tsane ni, ga ni ban mutu ba. Yau kai ne mugun."

Ta ɗora masa yaron a cinya, ta sa masa kofin a hannu, ta ɗauki fida da burushi da gwangwanin sukari ta fita. Ta rufe ƙofar motar.

Akwai kwandon shara a gaban shagon. Ta kwance kan fidar, ta sa haƙori ta yage robar, ta jefa fidar da burushin ciki. Ta zazzage sukarin a ƙasa. Sannan ta je ta jingina da bishiyar, ta ba motar baya.

Kukan na fitowa ta tagar da ke buɗe. Ta san kowane hawa da saukarsa, kamar yadda ta san ƙarar dutsen gugarta. Wannan na fushi ne. Na gaba na roƙo ne. Ta cire takalmi ɗaya ta taka ƙasa da ƙafar da ta kumbura, ta ji daɗin sanyin.

"Haba jarumi. Haba ɗan Baba. Kaɗan kawai."

"Fifi! Fifiii!"

"Babu fifi. Duba, madara ce, irin taka ce. Duba Baba zai sha. Mmm!"

"A'a! Mama! Mama!"

Yau ita ake kira. Da wata rana ce da ta ji sanyi a ranta. Ba ta juya ba.

"Ni ne fa. Baba ne. Dube ni mana."

"Tafi! Tafi!"

Ta san kalmar ta sami uban. Da ya sake magana, muryar ba ta lallashi ba ce. Muryar mutum ce da kunya ta ishe shi, yana so ya gyara ɓarnar makonni a zama ɗaya.

"Za ka sha. Wallahi yau sai ka sha. Buɗe bakin!"

Ta buɗe ido. Ta san wannan muryar, ita ma ta taɓa yin ta, kuma ta san ba a samun komai da ita. Ta fara laluben takalminta da ƙafa.

"Baban Kumatu, bi shi a hankali, kar ka..."

"Buɗe na ce!"

Ta ji wani ɗan ƙas.

Kukan ya yanke.

Duk uwa ta san shirun nan, wanda yaro ke jan numfashi kafin ihun gaske. Ta bar takalmin a nan ta ruga. Kafin ta kai ga ƙofa ihun ya fashe, siriri, mai tsini, irin wanda ba ta taɓa ji daga bakinsa ba.

Ta fizge ƙofar. Kumatu ya faɗo jikinta, hannuwansa biyu a kan baki, wani jan abu na bin tsakanin yatsunsa.

"Me ka yi? Me ka yi masa?"

Baban Kumatu bai dube ta ba. Kofin yake kallo, ya riƙe shi da hannu biyu.

"Ban danna ba," ya ce. "Wallahi ban danna da ƙarfi ba. Shi ne ya fizgo kai..."

"Ba ni nan!"

Ta karɓe kofin ta leƙa.

Madarar ta fara komawa ja. Ta karkata shi kaɗan, madarar ta gangara gefe.

A ƙasan kofin, ga rabin haƙorin Kumatu.